Gwajin Ruwan Sha Domin Kare Lafiyar Jama'a: Nazari Daga Arewacin Zamfara

Bahaushe yana da hanyoyinsa na auna ruwa tun kaka da kakanni. Yakan dubi launinsa, ya sansana, ya ɗanɗana. Waɗannan siffofi uku su ne kuma ɗalibin makarantar zaure yake karantawa a babin tsarki. Ma'auni ne da ya wadatar ga alwala da wanka, amma bai isa ya tabbatar da lafiyar ruwan sha ba, domin ƙwayoyin da ke haddasa kwalara da taifot da atuni ba su canza launi ko wari ko ɗanɗano. Ruwa yana iya zama garai-garai a moɗa alhali yana ɗauke da ajali.

Ƙasashen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sun dace da wannan nazari. Gulbin Gagare da na Bunsuru ne ke ratsa yankin kafin su haɗu da gulbin Rima. Da rani, idan ruwa ya janye, mutanen ƙauyuka da dama sukan tona ramuka a yashin gulbi su ɗiba. Wasu sun dogara da rijiyoyi marasa murfi da kududdufai da jarkokin 'yan ga-ruwa. Da damina kuwa, ruwan sama yakan kwashe bayan gidan da aka yi a fili, ko ya cika masai ya tumbatsa, ya zuba a waɗannan wurare. A shekarar 2021 an sami rahoton mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Zamfara tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. A daminar 2025 ma ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar masu cutar a Shinkafi da Zurmi. Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin, don kuwa 'yan gudun hijira sun cunkushe a garuruwa, rijiya ɗaya ta zama ta ɗaruruwa.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fahimta shi ne, mai gwajin ruwa ba ƙwayar kwalara yake nema kai tsaye ba. Neman kowace ƙwayar cuta ɗaya bayan ɗaya yana cin kuɗi da lokaci. Saboda haka masana suka zaɓi wata ƙwaya mai suna E. coli, wadda likitan nan na Jamus, Theodor Escherich, ya gano a 1885. Mazauninta hanjin mutum da na dabba ne. In an same ta a ruwa, to kashi ya shiga ruwan ke nan, kuma ƙofar da ta biyo a buɗe take ga kwalara da 'yan uwanta. Wato sawun ɓarawo ake bi, ba a jira sai an ga fuskarsa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ko ƙwaya ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha, kuma ma'aunin ruwan sha da Nijeriya ta fitar a 2007 bai yarda da samunta ba shi ma.

Aikin yana farawa ne daga ɗiba. Ana zuba ruwan a kwalbar da aka kashe ƙwayoyin cikinta, a rubuta wuri da rana da lokaci, a sa a akwatin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaje-gwaje cikin awa 6 in da hali. A can sai a tace mililita 100 ta wata takarda mai ƙananan ƙofofi da ƙwayar ba ta iya wucewa, a ɗora takardar a kan abincin da ƙwayar ke so, a ajiye a zafin digiri 44 na kimanin kwana ɗaya. Kowace ƙwaya takan hayayyafa ta zama ɗigon da ido ke gani, sai a ƙirga. Akwai kuma hanya mai sauƙi da aka ƙirƙiro a Indiya a 1982: ƙaramar kwalba mai ɗauke da takarda da aka jiƙa da sinadari. A zuba ruwa a rufe. In ya yi baƙi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, akwai alamar gurɓata. Ba ta kai ta farko tabbaci ba, amma ba ta bukatar lantarki, kuma duk wanda ya ga ruwan gidansu ya koma baƙi ba ya neman dogon wa'azi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a gwada bakin famfo a tsaya nan. Sau da yawa ruwan rijiyar burtsatse yakan fito lafiya, ya gurɓata a hanya: jarkar da ba a wanke ba, randa marar murfi, moɗar da kowa ke tsoma hannu da ita. Ya kamata a gwada mafari, a kuma gwada randa. Haka nan gwaji ɗaya da rani ba ya zama shaida ga damina.

In sakamako ya nuna gurɓata, sai a tafasa ruwan ko a sa masa kulorin, a jira minti 30 kafin a sha. Alam da ƙwayar zogale suna kwantar da laka ne kawai, ba su isa kashe ƙwayoyin cuta ba. Sannan a nemi inda ɓarakar take, musamman masai da ke ƙasa da mita 30 daga rijiya. A lura kuma, wannan gwaji bai shafi guba ba. Dalmar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010 tana bukatar gwaji daban.

Aikin Yi

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin tsarkin ruwa da lafiyarsa ga mai sha.
2. Me ya sa ake neman E. coli maimakon ƙwayar kwalara?
3. Tsara darasin minti 35 ga 'yan aji biyar na firamare a kan tafiyar ruwa daga rijiya zuwa randa.