TSUNTSAYEN BAZARA A FAGGE DA SABON GARI
Darasi domin Hakimai da Malamansu

Daga watan Maris zuwa watan Mayu, sa'ad da hunturu ya wuce, zafi ya tsananta, ana jiran ruwan shuka, ayari biyu na tsuntsaye sukan yi kiciɓis a sararin Kano. Ayari ɗaya yana shirin ƙetare Sahara zuwa ƙasar Turai, ɗayan kuwa yana isowa daga kudancin Afirka domin ya yi damina a nan. Fagge tun asali zangon fatake ne, a nan ayarin Azbinawa masu gishiri kan sauka a bayan ganuwa. To, har yau zango ne ga waɗansu fataken, sai dai su masu fiffike ne.

Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa Hakimai da malamansu cewa zuwan tsuntsu da tafiyarsa labari ne mai amfani ga mulkin ƙasa. Abin da talakawa ke gani kullum ba ya zama ilmi sai an rubuta shi da kwanan wata. In ba a rubuta ba, tsuntsu mai amfani yakan ƙare ba wanda ya lura, mai ɓarna kuma yakan auka wa gonaki ba wanda ya shirya.

1. MASU TAFIYA AREWA

Duk wanda ya bi gefen rafin Jakara, wanda ya fito daga cikin Birni ya bi ta Fagge da Sabon Gari har ya zuba a madatsar Wasai, in ya duba cikin lambuna a watan Maris yana iya ganin wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki, yana tafiya yana kaɗa wutsiya, yana bin ƙafafun shanu da tumaki domin kama ƙwari. Wannan baƙo ne. A Turai a ke ƙyanƙyashe shi, yakan zo nan da kaka, ya koma da bazara. Haka kuma wata irin tsattsewa mai jan maƙogwaro da wutsiya mai baki biyu. Ita ma wucewa ta ke yi, ba ɗaya su ke da tsattsewar da ke ɗaura sheƙa a ƙarƙashin gadoji da rufin manyan gine-gine ba, wadda ke nan rani da damina.

Faɗin Sahara ya kai wajen mil 1,200, ba ruwa, ba abinci. Saboda haka kafin su tashi sai su yi makonni suna cin ƙwari da 'ya'yan itace suna tara kitse, waɗansu har nauyinsu ya kusa ninkawa. Kitsen nan shi ne guzurinsu. Masana uku, Fry da Ash da Ferguson-Lees, sun auna irin waɗannan tsuntsaye a bakin Tafkin Chadi, suka buga abin da suka samu a 1970. Ma'anar wannan ita ce, kowane lambu, kowane kududdufi, kowace itaciya mai 'ya'ya a Kano, rumbu ne ga matafiyan nan. In aka cike kududdufi aka yi gini, an rufe musu zango ɗaya ke nan.

Da can mutanen Turai ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa da sanyi ba, har waɗansu suka zaci cikin laka su ke ɓuya. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus, aka iske mashi irin na Afirka a soke a wuyanta. Har yanzu tana ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta a Denmark, mai suna Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, domin in an kama su a wata ƙasa a san daga inda suka fito. Wannan aiki ya iso Kano. Wani Bature, R. E. Sharland, ya yi shekaru yana sa wa tsuntsaye zobe a nan, kuma a 1981 shi da R. Wilkinson suka buga jerin tsuntsayen Jihar Kano a mujallar Malimbus.

Abin da ya sami ƙasar nan yakan bayyana can nesa. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke yin rani a dazuzzukan Sahel. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga wajen kashi uku cikin huɗu ba su komo ba. Da aka bincika sai aka gane fari ne ya fara a kudancin Sahara, farin da ya tsananta a 1973 ya halaka dabbobi da amfanin gona. Watau tsuntsu ya riga mutane ba da labarin, amma waɗanda ke rubutawa ne kaɗai suka ji.

2. MASU ZUWA DAGA KUDU

Babba cikinsu ita ce shamuwa. Baƙa ce mai farin ciki, lokacin sheƙa kuma fuskarta takan yi shuɗi. Takan yi watannin raninmu a gabashi da kudancin Afirka, wajajen Tanzaniya da Zambiya da Zimbabwe, inda a ke ruwa a lokacin. Sa'an nan ta biyo damina zuwa arewa, ta iso ƙasar Hausa gab da ruwan farko, ta ɗaura sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari. Abincinta fara da tsutsa da sauran ƙwarin gona, don haka ma'aikaciyar manomi ce wadda ba ta karɓar lada. Magabata sun hana yara taɓa ƙwanta, kuma sun yi daidai.

Amma a yi hattara. Ganin shamuwa alama ce damina ta gabato, ba shaida ba ce cewa ruwan shuka ya sauka. Sau da yawa akan yi ruwa ɗaya a watan Mayu, sa'an nan a ɗauke kwana goma ko ashirin, iri ya ƙone a ƙasa. In ofishin Hakimi yana da ranar zuwan shamuwa da ranar ruwan farko da ranar da ruwa ya zauna, na shekara goma a jere, to, malamin gona ya sami abin da zai gwada da hasashen ma'aikatar yanayi, ya kuma ba manoma shawara mai tushe.

Bayan ruwan farko shinge yakan tashi, sai shirwa da tsattsewa da hankaki su taru a kansa. Kwaɗi su fito, bushiya ta fara yawon dare, macizai kuma su bar ramuka. Wannan ne lokacin da ya kamata Masu Unguwa su gargaɗi jama'a game da shiga juji da kangaye da dare ba fitila.

3. 'YAN GIDA, DA WADDA TA ƁACE

Akwai waɗanda ba su zuwa ko'ina: kurciya, hasbiya, hankaka, da belbela, wadda ke kiwo a mayanka da juji da rana ta koma manyan itatuwa da magariba. Jemagu ma sukan cika waɗansu itatuwa, su ne kuwa ke yaɗa irin itatuwa masu 'ya'ya cikin kashinsu.

Amma akwai 'yar gida ɗaya wadda ya kamata kowane Hakimi ya tambayi kansa yaushe rabonsa da ita, watau ungulu. Dattawan Fagge sun san zamanin da ungulaye ke jeruwa a kan rufin mayanka ta wajen Ƙofar Mazugal, da rumfunan mahauta a kasuwar Sabon Gari. Yau da wuya a ga ko ɗaya. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu masu ƙarewa ta sa irin ungulun nan ta cikin gari a sahun waɗanda ke gab da ƙarewa. Manyan dalilai su ne kamu domin sayar da kanta da sassanta ga masu magani da tsubbu, da gubar da a ke sa wa mushe, da sare manyan itatuwan da ta ke sheƙa a kai. Ƙwai ɗaya tak ta ke yi a shekara, don haka in aka kashe uwa ɗaya ba a mayar da gurbinta da sauri.

Mutane sun raina ungulu don ƙazanta, alhali kuwa ita ce ma'aikaciyar tsabta. Abin da ya faru a Indiya ya isa ishara. A shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka mutu fiye da kashi 90 cikin 100, saboda wani maganin ciwon gaɓoɓi mai suna diclofenac da a ke ba shanu. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da iyayengiji suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, har gwamnati ta hana ba dabbobi maganin a 2006. A Nijeriya an kafa dokar kare namun daji masu ƙarewa a 1985, aka yi mata gyara a 2016. Haka gauraka, wanda a da a ke gani garke-garke a fadamun arewa, yanzu ya kusa ƙarewa a ƙasar nan saboda kamu domin ado a gidajen manya. Ya dace masu sarauta su zama na farkon ƙin karɓarsa kyauta.

4. JAN-BAKI

Ba kowane tsuntsu ne aboki ba. Jan-baki ƙarami ne, bai kai tafin hannu ba, amma masana suna ganin babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya. Wani masani, Peter Ward, ya bincike shi a yankin Tafkin Chadi a shekarun 1960, ya gano cewa ainihin abincinsa tsabar ciyawar daji ce. In ruwan farko ya sauka tsabar ta tsiro, sai abinci ya yanke masa, ya yi ƙaura zuwa inda ciyawa ta riga ta nuna, sa'an nan ya komo ya yi sheƙa a tsakiyar damina. Ƙwansa kwana goma kawai ya ke yi ya ƙyanƙyashe. Da bazara kuwa, sa'ad da daji ya bushe, shinkafa da alkama na noman rani su ne abin da ya fi samu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar Kogin Hadejia ta sake hali, ciyawar kachala ta cika fadamu, ta zama makwancinsa.

Abin da ma'aikatan gona ke bukata daga Hakimi shi ne sanin makwanci da wurin sheƙa da wuri. A aika mutum da magariba ya ga inda garken ke sauka. Maganin feshi guba ne, yana kashe tsuntsaye masu amfani da masu cin gawarsu, saboda haka kada a bar kowa ya yi feshi da ka, kada kuma a ci ko a sayar da tsuntsun da aka fesa.

5. A KAN HANYA

Hakimi ko malaminsa in ya fita rangadi, ya riƙa duba gefen hanya. Ta hanyar Jos, a dajin Falgore, akan ga birai da zabin daji da fakara. Ta gabas kuwa, a fadamun Hadejia da Nguru, waɗanda aka sa cikin muhimman fadamun duniya a shekarar 2000, dubban agwagin ruwa na Turai sukan yi rani, yawancinsu kuwa sun tashi kafin ƙarshen Maris. Wanda ya saba bin hanya ɗaya shekara da shekaru shi ya fi kowa sanin abin da ya ragu.

6. YADDA ZA A RUBUTA

A ajiye littafi ɗaya a ofis, a raba kowane shafi gida biyar: kwanan wata, wuri, sunan tsuntsu ko dabba, yawa, da sunan unguwar wanda ya gani. A kiyaye waɗannan ƙa'idodi:

(a) A rubuta kwanan watan Boko tare da na Hijira, domin shekarar Hijira tana gaza ta rana da wajen kwana 11, ba ta tafiya daidai da damina.

(b) A rubuta abin da aka gani da ido dabam, abin da aka ji dabam. In ba a san sunan tsuntsu ba, a kwatanta girmansa da launinsa da bakinsa, kada a laƙa masa suna.

(c) Rashin gani ma labari ne. In shekara ta wuce shamuwa ba ta sauka a itaciyar da ta saba ba, a rubuta.

(d) In aka sami tsuntsu da zobe ko 'yar na'ura a bayansa, a kwafe lamba da rubutun duka, a sanar da ma'aikatan gandun daji, in yana da rai a sake shi. Ba sihiri ba ne, ba leƙen asiri ba ne. A 2013 an tsare wata farar shamuwa a Masar bisa wannan zato, ashe masu bincike ne suka sa mata na'urar.

(e) In aka ga tsuntsaye ko kaji suna mutuwa da yawa, kada a taɓa, a kira likitan dabbobi nan da nan. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a farkon shekarar 2006, ba da jimawa ba ta iso Kano, masu kiwon kaji suka yi babbar hasara.

Wannan rubutu ba zai tashi a banza ba. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, kuma da rahoton masu sa kai a ke yin sa. Malamin Hakimi ya san alhudahuda, wanda Alƙur'ani mai girma ya ambata cikin Suratun Namli, ya san kuma cewa Annabi Sulaimanu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya binciki tsuntsaye har ya lura da wanda ba ya nan. Shugaban da ya san abin da ke cikin ƙasarsa shi ne ke gane ranar da wani abu ya ɓace. Saboda haka ana roƙon Hakimai su umurci Dagatai da Masu Unguwa su kawo rahoton ranar da aka fara ganin shamuwa a bana, a buɗe littafin da ita. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.