Ciwon Ƙafa Mai Fid Da Tsaba

Akwai wani ciwo wanda ya kan kama manoma da makiyaya a ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwa. Likitoci suna kiransa maisitoma. Ya fi yawa a Sudan, ana kuma samunsa a Cadi, da Nijar, da Senegal, da arewacin Nijeriya, har Indiya da Meziko. Ƙasar Boɗinga da ta Shagari, da ke kudu da Sakkwato, irin ƙasar da yake so ce: damina gajera, rani dogo, ga itatuwan ƙaya ko'ina, bagaruwa da farar ƙaya da aduwa. Saboda haka ya kamata kowane mai gida ya san alamunsa.

Yadda Ya Kan Fara

Mutum ya taka ƙaya a gona ko wurin kiwo. Ya cire ta da matsefata, ya mance. Bayan watanni, wani ma shekaru, sai wani ɗan ƙullutu mai tauri ya fito a ƙafar. Ba ya zafi, ba ya hana aiki, don haka ba a kula shi. Sannu a hankali ya girma, ƙafa ta kumbura, ta yi ƙofofi ƙanana masu zub da ruwa da mugunya. Cikin ruwan nan a kan ga 'yan tsaba kamar ƙwayar riɗi ko wadda ba ta kai ba, waɗansu baƙaƙe, waɗansu ja, ko fari, ko rawaya. Kumburi marar zafi, da ƙofofi, da tsaba: waɗannan uku su ne shaidarsa. Ba kurkunu ba ne, ba tundurmi ba, ba kuwa kuturta ba. In an bar shi, ya kan ci nama ya kai ga ƙashi. Amma ba a ɗaukarsa daga wani, saboda haka babu dalilin gudun mai shi.

Abin Da Ke Kawo Shi

Kowa ya san funfuna, wadda Sakkwatawa kan ce hunhuna, mai fitowa bisa tuwon da ya kwana biyu. Ita ma abu ce mai rai, tana da dangi da yawa. Waɗansu suna zaune cikin ƙasa da jikin itatuwa, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. In ƙaya ta huda fata, sai ta buɗe musu ƙofa. Can ciki su yi ta yaɗo kamar zare, su dunƙule. Dunƙulen nan shi ne tsabar da ake gani.

Ciwon iri biyu ne. Ɗaya funfuna ke kawo shi, tsabarsa galibi baƙa ce. Ɗayan kuwa waɗansu ƙwayoyin cuta ne dabam, da ake kira bakteriya, tsabarsa ja ce, ko rawaya, ko fara. A ido ƙafafun sun yi kama, amma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Yadda Aka Binciko Shi

A shekarar 1842 wani likita Bature mai suna Gill ya ba da labarin ciwon a Madura, cikin ƙasar Indiya, har aka riƙa ce masa ƙafar Madura. A 1860 wani likitan, Vandyke Carter, ya nuna funfuna ce asalinsa, shi ne ya sa masa suna maisitoma. A 1905 wani masanin Faransa, Brumpt, ya raɗa wa funfunar mai baƙar tsaba suna Madurella. Daga baya masana suka sami irin waɗannan funfuna a jikin ƙaya a Senegal, suka kuma sami alamar Madurella cikin ƙasa da ƙaya a Sudan. Suka gane kuma baƙar tsabar nan tana da tauri ƙwarai, kamar an yaɓe ta da sumunti, shi ya sa magani ke wuyar ratsa ta.

A 1991 aka kafa cibiyar binciken ciwon a Khartum, ƙarƙashin Farfesa Ahmed Hassan Fahal, dubban marasa lafiya suka je can. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi waɗanda aka yi sakaci da su. A 2017 aka fara gwada wani sabon magani a cibiyar, sunansa fosrabukonazol, wanda wani kamfanin Japan, Eisai, ya yi. Da aka gama gwaji, aka ga bai fi tsohon magani warkarwa ba, amma sau ɗaya ake shansa a mako, tsohon kuwa kullum. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya kawo wa aikin cibiyar cikas babba.

Magani

Irin na bakteriya ya kan warke da ƙwayoyi da allura, galibi ba sai an yi aiki ba. Na funfuna ya fi taurin kai. A kan sha itirakonazol wata da watanni, sa'an nan likita ya yanke ƙullutun, a ci gaba da sha. Wanda ya daina sha don ya ga sauƙi, ciwon ya kan komo masa. Wanda kuwa ya yi jinkiri har ƙashi ya lalace, wani lokaci ba dabara sai a yanke ƙafar. Ku duba hasarar manomin da ya rasa ƙafa, da iyalin da ke ci daga gonarsa.

Abin Da Za Ku Yi

Na fari, ku sa takalmi in za ku gona, ko kiwo, ko saran ƙaya don shinge, ku kuma sa wa yaranku. Na biyu, in ƙaya ta soke ku, ku cire ta duka, ku wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu. Na uku, in kun ga ƙullutu mai tauri ya daɗe, ko da ba ya zafi, kada ku kai wa wanzami ya tsaga, kada a yi masa sakiya, gama wannan ba ya kashe saiwar. Ku tafi asibitin da ke kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, sa tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda za a duba tsabar a san ko wane iri ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda Allah ya ba shi karatu, ya karanta wa maƙwabtansa wannan darasi.