Amsoshin Tambayoyinku: Kyanwata ta daina gani, in yar da ita ko in kulle ta?

Tambaya: Ni mai koko da ƙosai ce a Aboabo, nan Kumasi. Ina da kyanwa da ta shekara goma sha biyu a hannuna, ita ke tsare mini buhunan gero da wake daga ɓeraye. Yau kwana biyar ke nan tana cin karo da bokiti, ta tsaya tsakar gida ta yi ta kuka, ko benci ba ta iya hawa. Idon babu kwantsa, babu ja, amma baƙin tsakiyar ya buɗe ya cika idon ko da rana tsaka. Da ma ta daɗe tana ramewa, ga yawan shan ruwa. Jikana ya sayo mata maganin ɗigawa a kemis, ba mu ga canji ba. 'Yan gidan hayarmu wasu na cewa a sa ta a buhu a kai ta kasuwar Kejetia a saki, wasu na cewa jifa aka yi mini ya faɗa kanta. Ni kuma ina tsoron in kulle ta a ɗaki in ɗauki alhaki. Me ya same ta, kuma yaya zan yi da ita? Daga Hajiya, Aboabo.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba da kasuwa, ya saka miki da wannan tausayi.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Gobe da safe, ko da za ki bar wa jikanki tukunyar koko, ki sa kyanwar a kwando mai murfi, ki shimfiɗa mata tsohon zaninki a ciki, ki kai ta wurin likitan dabbobi. Ofishin kula da lafiyar dabbobi na gwamnati yana Amakom, ba nisa daga Aboabo, kuma jami'ar KNUST tana da makarantar koyon likitancin dabbobi tun 2009. Abubuwa uku za ki roƙa: a auna jininta ko ya hau, a leƙa bayan idonta, a duba ƙodarta. Ki tambaya tun daga ƙofa ko suna da abin awon hawan jini na ƙananan dabbobi, in babu su nuna miki inda yake.

Dalilin gaggawar yana cikin wasiƙarki. Kyanwa mai shekara goma sha biyu tsohuwa ce, a lissafin shekarun mutum ta haura sittin. Tsohuwar kyanwa da ta makance dare ɗaya, ido garau babu ciwo, baƙin tsakiya a buɗe, ga rama ga ƙishirwa, abin da likita zai fara zargi shi ne hawan jini, wanda galibi ciwon ƙoda ke jawowa, wani lokaci kuma cutar ƙululun maƙogwaro. A can bayan ido akwai wani siririn tantani, shi ke ɗaukar hoton duk abin da ake gani. In jini ya hau sosai sai ƙananan jijiyoyin wurin su fara yoyo, ruwa ko jini ya taru a ƙarƙashin tantanin, ya ɗaye shi daga mazauninsa. Awon kyanwa in ya kai 160 an shiga hawan jini, in ya kai 180 ana cikin haɗari. Idan aka saukar da jinin da wuri, tantanin yakan koma ya kwanta, wasu kyanwoyin ganin ya dawo musu, gaba ɗaya ko rabi. Ba zan yi miki romon baka ba: kwana biyar ba kaɗan ba ne, kowace rana tana rage wannan damar. Amma ko ganin bai dawo ba, maganin yana nan da amfaninsa, domin jinin da ya ɓata ido zai iya taɓa ƙwaƙwalwa da zuciya, ya ƙarasa ƙodar. Kuma daga wasiƙa ba a yanke hukunci, mai yiwuwa likita ya leƙa ya ga wani abin dabam.

Maganin da aka fi ba irin waɗannan kyanwoyi shi ne amlodifin, wanda masu hawan jini da yawa a Zango suke sha kullum. Nan ne nake jan kunnenki. Ƙwayar mutane miligiram 5 ce ko 10, ita kuwa kyanwa ana fara mata da kimanin kashi ɗaya cikin takwas na ƙaramar. Kada wata maƙwabciya ta ɓallo miki daga nata don taimako. Likita ne zai auna, ya yanke, ya sake aunawa bayan mako ɗaya ko biyu.

Maganin ɗigawan nan kuwa a ajiye shi. Ciwon yana bayan ido, ɗigo ba ya kaiwa can. Da yawa daga cikin irin waɗanda ake saya wa masu ciwon ido na afolo suna ɗauke da sinadarin desametason, in akwai ƙwarzane a fuskar ido sai ya zurfafa shi har ido ya fashe. Haka kwalli, haka ruwan sikari, haka ruwan ganye, duk a ajiye su. Tunda maganar magani ta zo, ki tuno ko an ba ta wani abu a kwanakin nan. Akwai maganin kaji da ake kira enrofuloksasin, yana cikin shagunan kayan kiwo, in ya wuce miligiram 5 a kowane kilo na nauyin kyanwa a rana yana iya ƙone tantanin nan, kuma sau da yawa ba ya gyaruwa. Allurar aibamektin ta awaki da tumaki, in aka zarce ƙima, ita ma tana ɗauke gani, ko da yake wannan yakan dawo. Farasitamol kuwa guba ce gare ta, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. In an ba ta wani abu, ki tafi da kwalbar.

Maganar jifa ba zan tsaya a kanta ba. Addu'a ba ta hana awo, ki yi taki, ki kai ta a auna.

To, a ce an yi duk wannan ganin bai dawo ba. Nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure, suna auna makantar kyanwa da ta mutum. Kyanwa da ma ba da ido kaɗai take rayuwa ba. Kunnen mutum yana tsayawa wajen sauti mai kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, nata yana wuce 60,000, shi ya sa take jin tsiwar ɓera a bayan buhu ke ba ki ji komai ba. Hancinta ya fi namu nesa ba kusa ba. Ga gashin baki. Ki zauna ki kalle ta nan da mako biyu ko uku: za ta sunkuyar da kai, ta turo gashin bakin gaba, ta bi gefen bango tana ɗan gogarsa da kafaɗa, in ta zo dokin ƙofa ta miƙa ƙafa ɗaya ta laluba kafin ta ɗora nauyinta. Kwana kaɗan bayan haka za ki ga tana wuce wurin da sauri, baƙo ma ba zai gane makauniya ba ce. Ke ma ai ranar da aka ɗauke wuta ba kya neman tocila kafin ki je randa, ƙafarki ta san hanya, sai dai in wani ya ajiye turmi inda ba a saba ba. Kukan da take yi a tsakar gida na ruɗewa ne, zai ragu in ta gama haddace gidan. Kada yara su aske mata gashin bakin nan da sunan wasa ko kwalliya.

Abin da zai iya kashe ta ba idon ba ne, gidan haya ne. Gidajenmu na Zango tsakar gida ɗaya ce ga ɗaki goma ko fiye, kowa da bokitinsa da kurfotinsa, kuma abin da ke nan da safe ba shi ke nan da yamma ba. Naki ma ya fi, tunda kina da kaskon mai a wuta tun asuba. Lokacin suyar ƙosai ta kasance a ɗaki, ƙofa a rufe, har sai man ya huce an kawar da garwashi. Rijiya da duro da manyan bahuna a rufe su. Ƙofar waje ita ce babbar matsala: ga babura, ga kekunan aboboya da furagiya suna kutsawa lungu, ga karnuka, ga kwatar da ke cika ta yi ambaliya a Aboabo da zarar an yi ruwa mai ƙarfi. Kyanwa mai ido tana tsalle ta haye katanga, wannan ba ta san inda katangar take ba. Saboda haka maganar Kejetia ba saki ba ce, kisa ne a hankali, don ba za ta iya neman abinci ko gudun tayar mota a wurin da ba ta taɓa shinshina ba.

A cikin ɗaki kuwa abu ne mai sauƙi. Kwanon abincinta da na ruwa da wurin kwanciyarta su zauna wuri ɗaya, kada a riƙa sauya musu. Ki samo faffaɗan roba mara zurfi ki zuba yashi, ki ajiye nesa da kwanon abinci, ki ɗora ta a kai sau biyu ko uku, za ta gane, a riƙa kwashewa kullum. Kafin ki taɓa ta ki yi mata magana, ki miƙa mata yatsa ta shinshina, don in aka dafa ta ba zato za ta yi yakushi, mutane su ce ta haukace. A rage ɗaukarta ana yawo da ita, kowane ɗauka yana ɓatar mata da lissafin inda take. In dole ta kama, a sauke ta a gaban kwanonta, daga nan za ta kama hanya. Da la'asar in gida ya lafa ki fito da ita ta sha rana kusa da ke.

Tsoronki na alhaki yana da tushe, na san hadisin da ke ranki, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka azabtar saboda kyanwa. Amma laifin matar nan shi ne ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba, har ta mutu. Wadda ta tsare makauniyar dabba daga mota da wuta, tana ba ta ci da sha, ba ta cikin wannan sahu. In zuciyarki ba ta kwanta ba ki tambayi malamin unguwarku.

Sai dai tsarewar ta ɗora miki wani nauyi da ba kowa ke lura da shi ba. Shekara goma sha biyu ɓerayen da take kamawa su ke cike mata giɓin tuwo da shinkafar da ake zuba mata. Yanzu farauta ta ragu ko ta tsaya. Jikin kyanwa yana buƙatar wani sinadari, torin, wanda ba ta iya haɗa isasshe da kanta, sai daga nama da kifi. A 1975 masu bincike a Amurka suka nuna rashinsa yana lalata tantanin ido, a 1987 aka gano yana raunana zuciya. Kyanwar da aka tsare a kan kanzon tuwo da ragowar banku za ta lalace a hankali. Ki riƙa karɓo zuciyar kaza ko ta rago da ƙundu wurin mahauci, a dafa sama-sama ba gishiri, a ba ta har da romon, domin sinadarin yana fita cikin ruwan dahuwa. Hanta kaɗan, sau ɗaya a mako. Kifi sabo ko banda mara gishiri ya yi, amma kobi da momoni gishirinsu ya yi wa mai ciwon ƙoda yawa. Miya da shito kada su shiga kwanonta, albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini. In awo ya tabbatar da ciwon ƙoda, likita zai faɗa miki yawan naman da ya dace. Ruwa kuwa kada ya yanke ko da dare.

Buhunan gero da wake yanzu sai ki nema musu wani mai gadi. Ki sa tarko a inda ƙafarta ba ta kaiwa, ki ɗora buhunan a kan katako nesa da bango. Maganin ɓera na guba kada ya shigo ɗakin, domin ɓeran da ya ci guba tafiyarsa a hankali take, shi ne kuwa wanda makauniyar kyanwa za ta iya kamawa.