Yadda Ake Bin Salsalar Ƙwayar Cutar Korona

Idan ɗalibai biyar suka kawo aiki da kuskure iri ɗaya a layi ɗaya, malami ba sai ya yi duba ba, ya san wani ya kwafi wani. To, da wannan dabarar ce masana ke bin sawun ƙwayar cutar korona.

Bayanan halittarta jeri ne na haruffa kusan 30,000. Duk sanda ta hayayyafa a jikin mutum sai ta kwafe su, wani lokaci ta yi tuntuɓe a harafi ɗaya, 'ya'yanta kuma su gaji tuntuɓen. Na'ura ke karanta jerin daga samfurin da aka lakato a hanci, a ɗora shi a rumbun intanet na GISAID, a gwama da na wasu ƙasashe. Masu kuskure iri ɗaya dangi ɗaya ne. Yawancin canje-canjen ba sa tsinana komai. Wanda ake tsoro shi ne wanda ya taɓa ƙayoyin da ƙwayar ke maƙalewa da su a jikinmu, domin su ne akasarin alluran rigakafi ke koya wa jiki ganewa.

Abin da ya burge ni, jerin farko da aka karanta a Afirka, a nan Najeriya ne, cikin Maris 2020, a cibiyar ACEGID da ke Ede ta jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi. Kuma aikin ba baƙo ba ne a Arewa. Da shan inna ya sake ɓulla a Borno a 2016, karatun jerin ne ya nuna dangin wanda aka gani a 2011 ne, wato ya shekara biyar yana yawo ba a sani ba.

Sai dai akwai inda abin ke ci min tuwo a ƙwarya. A Nuwamba 2021 masanan Botswana da Afirka ta Kudu suka gano Omikron, suka sanar da duniya cikin 'yan kwanaki. Tukuicinsu? Aka rufe musu hanyar jirage, Birtaniya ma ta haɗa da Najeriya a Disamba, alhali nau'in ya riga ya shiga Turai. Gwamnatin da ta ga haka, gobe in ɗakin gwajinta ya ga sabon nau'i, anya za ta yi saurin magana?

'Yan sashen kimiyyar ɗakin gwaji da na kwamfuta, ku lura: rabin aikin a benci yake, rabi a allon kwamfuta, kuma duka biyun ana neman hannu.