Riƙon Maraya Mai Lalura

Tambaya: Ƙanwata ta rasu a Kalgo, ta bar yaro ɗan shekara 6, ba ya tafiya, ga farfaɗiya. Ina so in ɗauko shi riƙo. Ta ina zan fara? Daga wata baiwar Allah, Gwandu.

Amsa: Allah ya jiƙanta, ya saka miki da alheri. Hajiya, fara da maigidanki. Yardar kunya ba za ta ɗauki ɗawainiyar dare ba, sai ya amince da zuciya ɗaya. Sannan ku zauna da dangin uban yaron a gaban shaidu, a fayyace wanda zai riƙa sayen magani, domin a nan zumunci ya fi tsinkewa.

Kafin ki taho da shi, a kai shi asibitin gwamnati na Kalgo ko asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, likita ya duba shi, a tambayi batun gashin ƙashi. Maganin farfaɗiya ba a tsallake shi ko da ya daina faɗuwa. Idan farfaɗiyar ta tashi, ki kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki.

A shari'a sunan ubansa zai ci gaba da amsawa, kuma riƙo ba zai sa ya gaje ki ba. Kina iya yi masa kyauta tun kina da rai.