Kafin Ka Kama Ɗaki A Zanzibar, Ka Duba Taswira

Darasinmu na wannan mako a kan labarin ƙasa ne, amma da labarin kawuna zan fara.

Bara kawuna ya je birnin Darussalam na ƙasar Tanzaniya don harkar kasuwanci. Da ya gama, sai ya ce bari ya tsallaka Zanzibar ya huta kwana uku, tun da jirgin ruwa mai gudu yana kai mutum cikin kamar awa biyu. Ya ga hoton wani masauki a waya, ga ruwa shuɗi har bakin ƙofa, nan take ya biya kuɗin kwana ukun. Da ya isa garin Paje da hantsi ya ajiye jaka ya fito, sai ya tarar babu ruwa. Farin yashi ne jiƙaƙƙe shimfiɗe, ruwan yana can nesa, ga mata sun duƙa suna aiki a inda ya ga teku a hoto. Ya ce da farko ya zaci damfararsa aka yi. Ashe ba wanda ya cuce shi, rashin tambaya ne.

Ga abin da ya faru. Ruwan teku yana cika yana janyewa sau biyu a kowace rana, saboda wata yana jan ruwan duniya, rana ma tana taya shi. Tsakanin cika da janyewa akwai awa 6 da 'yan mintoci, kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50 kullum. Wato idan yau ruwa ya cika da ƙarfe goma na safe, gobe sai wajen sha ɗaya saura minti goma. Abin da ya fi burge ni shi ne, cikar da janyewar sun fi ƙarfi a lokacin tsayuwar sabon wata da kuma daren sha huɗu. Ke nan duk wanda ya san lissafin watan Musulunci ya riga ya san rabin darasin.

To me ya sa abin ya fi yawa a Paje? Babban tsibirin Zanzibar sunansa Unguja, yana cikin Tekun Indiya. Gabarsa ta gabas, inda Paje da Jambiani suke, shimfiɗaɗɗiya ce, ba zurfi, sai can ciki akwai duwatsun murjani da suka tare igiyar ruwa. Idan ruwa ya sauka kaɗan, sai fili mai faɗi ya buɗe. Ku gwada da faranti da bokiti: ku rage ruwa daidai tsawon ɗan yatsa a kowanne, faranti zai bushe, bokiti kuwa ko a jikinsa. Matan da kawu ya gani kuwa noman ciyawar teku suke yi. Suna ɗaure ta a igiyoyi tsakanin turaku, in ta girma su shanya ta su sayar, kuma sai ruwa ya janye suke samun shiga gonar.

A arewacin tsibirin akwai Nungwi da maƙwabciyarta Kendwa. Can gaɓar tana da gangara, don haka ruwa ba ya yin nisa, ana iya iyo kusan kowane lokaci. Can ne kuma ake ganin faɗuwar rana a kan teku, su mutanen gabas fitowarta suke gani. A Nungwi har yanzu ana sassaƙa jiragen ruwa na katako da hannu. Amma fa wurin ya cika da manyan otal-otal, akwai kiɗa har tsakar dare a wasu wuraren, kuma ɗakin da ke kallon ruwa yana da tsada. A ganina, mai iyali ko dattijo da ke son barci gara ya kama ɗaki a cikin gari, ya riƙa takawa zuwa bakin ruwa, ya rage kuɗi ya kuma huta da hayaniya.

Wanda tarihi ya kai shi, tsohon birnin da ake kira Stone Town ya fi masa. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Lunguna ne ƙanana, da ƙofofin katako masu zane, da masallatai kusa da juna, da dare kuma ana gasa kifi a lambun Forodhani. Tashar jirgin ruwa tana nan, filin jirgin sama ma ba nisa. Daga nan zuwa Nungwi kuwa kimanin kilomita 60 ne, don haka wanda ya sauka a arewa sai ya sa kuɗin mota cikin lissafinsa. Akwai ƙananan motocin haya da suke kira daladala, sun fi tasi araha nesa ba kusa ba, sai dai cunkoso.

Lokacin tafiya ma yana canza zaɓi. Daga watan Maris zuwa Mayu ake babbar damina, wadda suke kira masika a harshen Swahili, kuma ɗakuna sukan yi sauƙi. Iskar kaskazi tana busowa daga arewa maso gabas wajen Disamba zuwa Fabrairu, kusi kuma daga kudu a tsakiyar shekara. Wannan iska ce ta sa masu wasan zamiya a kan ruwa da wata babbar lema suke son Paje.

Yawancin mutanen Zanzibar Musulmi ne, don haka samun masallaci da abincin halal ba wuya a cikin gari. Amma wasu masaukan bakin ruwa suna sayar da giya, ya kamata mutum ya tambaya tun kafin ya biya. Ya tambayi kuma ko akwai gidan sauro da fanka, da janareta idan an ɗauke wuta, da ko kuɗin ɗakin ya haɗa da karin kumallo. Sannan ya tambayi ainihin nisan ɗakin da ruwa da ƙafa, don "kusa da teku" a bakin mai talla tana iya zama tafiyar minti ashirin cikin rana.

Shi dai kawu bai tashi daga Paje ba, don ba a mayar da kuɗi. Ya ce bayan azahar ruwan ya dawo har bakin katangar masaukin, kamar yadda yake a hoto. Washegari da safe ya naɗe wando ya bi yashin, ya tsaya yana kallon yadda ake ɗaure ciyawa. Tsarabarmu kanumfari ce cike da leda, har yanzu Mama da ita take kunun zaƙi.

Na zana taswirar Unguja a ƙasan wannan takarda. Wanda ya iya, ya nuna gaɓar da ake ganin faɗuwar rana, ya kawo amsarsa taron ƙungiya ranar Laraba.

Daga ɗan ƙungiyar 'yan jarida, aji biyu, ƙaramar sakandare.