Magarya: Amfaninta da Iyakarta

Idan sanyi ya shigo, za ka ga magarya a koro a Kasuwar Gero, da cikin faranti a lungunan Ridina. Larabawan Cadi suna ce mata nabak. Kowa ya san ɗanɗanonta, amma ya kamata ka san abin da take yi wa jiki, da abin da ya fi ƙarfinta.

Yadda za ka gane ta

Magarya ƙaramin itace ne mai jure fari, don saiwarta tana nitsewa ƙasa ƙwarai. Ƙayarta bibbiyu ce, ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya lanƙwasasshiya kamar ƙugiya. Ganyenta yana da jijiya 3 da suka taso daga gindinsa. Samansa kore ne mai sheƙi, ƙasansa fari-fari mai laushi. Da wannan ake bambanta ta da 'yar'uwarta kurna, wadda ta fi ta girma, ganyenta kuma kore ne ciki da baya. Tana fure wajen ƙarshen damina, 'ya'yan su nuna da sanyi. Kowane ɗa yana da ƙwallo guda mai tauri. A ƙasar Sin akwai wata danginta mai manyan 'ya'ya, wadda suke nomawa shekaru dubbai.

Amfaninta

Ɗanyar magarya da ta nuna tana da bitamin C da yawa. Shi ne ke ƙarfafa dasashi, ya taimaki rauni ya warke, ya kuma taimaki jiki ya ɗebi abin ƙarin jini daga wake da ganye. Don haka tana da kyau ga mai ciki da mai shayarwa. In ta bushe bitamin ɗin yana raguwa, amma zaƙinta yana nan. Ana daka busasshiya, a tankaɗe, a zuba garin a kunu.

Ganyen, in an daka shi aka jiƙa, yana kumfa. Da shi ake wanke kai, ana kuma sa shi a ruwan wankan gawa. Awaki da raƙuma suna cinsa, ƙayar kuwa ana shinge da ita.

Inda za ka yi hankali

Tun kakanni ana jiƙa saiwa ko ɓawon magarya a ba mai zawo. Yana iya ɗan ɗaure ciki, amma ba ya mayar da ruwan da jiki ya zubar. Rashin ruwan nan kuwa shi ke kashe yaro, wani lokaci cikin kwana ɗaya ko biyu.

Uwa, idan ɗanki ya fara zawo:

1. Ki ci gaba da ba shi nono da abinci.
2. Ki karɓi ƙunshin garin gishiri da sukari a asibiti, ki dama a lita 1 ta ruwa mai tsabta.
3. In babu, ki zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce. Kada cokalin ya yi tozo.
4. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In ya yi amai, ki jira minti 10, ki ci gaba.
5. Ki nemi ƙwayar zinki, ya sha kwana 10 zuwa 14.

Ki kawo shi asibiti nan da nan idan idonsa ya faɗa, ko maɗigarsa ta lotsa, ko ya kasa sha, ko akwai jini a kashinsa. Jaririn da bai kai wata 6 ba, kada a ba shi jiƙo ko kaɗan.

A wanke magarya kafin a ci, don ƙurar hunturu da ƙudaje. Yaron da bai kai shekara 4 ba, kada a ba shi da ƙwallonta, tana iya shaƙe shi. A ba shi garin a kunu.

Tambayoyi

1. Me ke kashe yaro mai zawo?
2. Cokali nawa na sukari ake zubawa a lita 1?
3. Waɗanne alamu ne za su sa a garzaya asibiti?